Ku Je Ku Huta

Shafi na 19

Masu zagin Sufa a ƙarƙashin shafin jiya, duk na gani, har da wadda ta ce in ta haɗu da shi a hanya sai ta mare shi. Ku sassauta masa, ku karanta wannan tukuna.

*

Takardar ba ta fi rabin shafi ba, amma sau uku Sufa, mai kula da sashen yanka, yana fara karanta ta bai kai ƙarshe ba.

Madam, manajar kamfanin ɗinkin, tana zaune bayan teburinta tana jujjuya biro. Ta gilashin ofishin ana hango falon aiki, kekunan ɗinki sai kuka suke, can ƙurya kuma ga dogon teburin yanka, wanda yau sati biyar ke nan babu Baba Almakashi a kansa.

"Rubutun ne ya yi ƙanana, ko in ara maka tabarau?"

"A'a, Madam. Ina gani."

"To karanta da ƙarfi, mu ji inda ya tsaya maka."

Ya gyara murya.

"Ni mai kula da sashen yanka, na shaida cewa ranar Laraba na isar wa ma'aikacin da saƙon kamfani, cewa an dakatar da shi kwana uku saboda yadin da ya lalace, kuma ya dawo ranar Litinin da safe a saurari bayaninsa. Bai dawo ba."

"Shi ke nan fa. Sa hannu."

Sufa bai ɗauki biron ba.

Madam ta cire tabaranta ta murza ido.

"Gobe ƙarfe goma za mu ofishin ƙwadago. Surukinka ya kai mu ƙara, wai mun kore shi ba bisa ƙa'ida ba. Ni fa ban kori kowa ba. Mutum ya ɗauke ƙafa sati biyu cur, ba saƙo ba ɗan aike, me kake so in rubuta? In ce ya tafi shan iska?"

"Haka ne, Madam."

"Kar ka ce min haka ne. Ka san ba ƙin sa nake ba. Ranar da na fara aiki a nan, shi ya nuna min yadda ake gane gaban yadi da bayansa. Da ya zo Litinin ɗin nan, da mun zauna ya faɗi nasa na faɗi nawa. In gargaɗi ne a ba shi. In ido ne ya gaza, a kai shi likita ya duba ya rubuta, a sallame shi da mutuncinsa. Duk hanya ce, doka ta yarda da ita. Amma bai zo ba. Raini ne ko zuciya, oho."

Ta mayar da tabaran, ta kafe shi da ido.

"Ka faɗa masa ai, ko?"

"Na yi masa magana."

Ba ƙarya ya yi ba. Ya yi masa magana.

Ranar Larabar, da ya fito daga ofishin nan da saƙon Madam a bakinsa, ya tarar da Baba a bakin tebur yana goge almakashinsa da tsumma. Mutumin da ya koya masa riƙe tef ɗin awo. Mutumin da ya ɗauki 'yarsa ɗaya tilo ya ba shi. Mutumin da har yau in ya shigo wuri Sufa ba ya iya ci gaba da zama a kujera. Shi za a kalla a ce wa an dakatar da ku? Kalmar ta taho har maƙogwaro, ta maƙale. Abin da ya samu ya fito shi ne:

"Baba, ku je ku huta. Zan kira ku."

Baba ya dube shi jim, ya naɗe almakashin a tsumman, ya ce, "To, madalla." Ya fita.

Litinin ta zo ta wuce. Kullum Madam ta tambaya sai Sufa ya ce zai zo. Kullum ya ciro waya zai kira sai ya ce bari zuwa anjima. Anjima ta tara kanta ta zama sati biyu. Madam ta buɗe littafin dokar kamfani ta rubuta takarda: ma'aikacin ya gudu daga aiki.

Da ma a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Akwai na biyu, wanda ko matarsa bai faɗa wa ba.

Shekara biyu ke nan da idon Baba ya fara ja baya. A sashen yanka, da yamma ake shimfiɗa yadi ninki a kan ninki, a ɗora kwalin awo a kan na sama a zana layi da alli, da safe a bi layin da injin yanka. Sufa ya fara lura layin Baba yana kaucewa, yau rabin inci, gobe kwata. Bai ce komai ba. Sai ya ɗauki ɗabi'ar riga kowa zuwa. Ya buɗe falo, ya goge inda ya kauce da ɗanyen tsumma, ya sake zanawa, ya je ya zauna kamar yanzu ya iso.

Ranar da aka zana wandunan masu gadi, da yamma ya tafi kai 'yan biyunsa allura. Bai san masu kayan sun ƙara tsawo da inci biyu ba. Bai san Madam ta miƙa wa Baba sabon kwali hannu da hannu ba. Da safe ya zo ya gwada da tsohon kwali, ya ga ko'ina ya zarce. Ya ce a ransa ashe idon Baba ya kai haka. Ya goge layin gaba ɗaya, ya zana nasa.

Baba ya zo ya yanka. Ninki sittin, duk guntaye.

"Sufa!"

Ya zabura.

"Ina ka tafi? Magana nake maka."

"Madam, bari in tafi da ita, in kawo miki da safe."

"Sa hannu ne fa, ba ɗinkin kwat ba."

"Na sani. Kaina ne ke ciwo."

Ta kalle shi. Daga baya ta ture masa takardar da ɗan yatsa.

"Mu haɗu a can. Ka zo da ita da hannunka a jiki."

*

Da aka tashi hutun rana bai zauna da kowa ba, ya hau babur ɗinsa.

Gidan Baba ɗaki biyu ne da 'yar baranda. A barandar ya same shi kan benci, yana wasa almakashin maƙwabta a kan dutse, aikin da ya ƙirƙiro wa kansa don kada hannu ya mutu. Kusa da shi sakataren ƙungiyar ma'aikata ne zaune a kan bokitin da aka kife, ya rungume wani ƙaton fayil kamar jariri. Uwar Biyu, matar Sufa, tana shanya wankin mahaifinta.

Sakatare ne ya fara ganin sa.

"A'a! Jama'a, ga kamfani da kansa ya zo. A ba kamfani kujera."

Sufa ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, ranka ya daɗe Sufa. Ya aiki? Mu dai muna nan muna hutawa."

Uwar Biyu ta yarfe riga da ƙarfin da rigar ba ta buƙata. Ba ta juyo ba.

"Tunda Allah ya kawo ka," in ji Sakatare, "bari in yi maka karatun da nake yi wa Baba tun safe ya ƙi ji. Kora ba laifi ba ce, ka gane? Mai wuri yana da ikon ya sallami mutum. In ya yi sata, in ya daki wani, in aikin ya fi ƙarfin jikinsa, in aikin ma ya ƙare babu abin da zai yi. Doka ba ta hana ba. Abu biyu kawai ta ce: a kawo dalili na gaskiya, sannan a ji ta bakin mutum kafin a nuna masa ƙofa. To mutanenka ba su ma bi ta nan ba. Suka ce mu ba mu kore shi ba, shi ya gudu. In gudun nan ya tabbata, ƙararmu ta mutu tun kafin in buɗe fayil ɗin nan. Kuma ka ga nauyinsa, kwana huɗu ina haɗa shi."

"Rabinsa tsohuwar jarida ce," in ji Baba.

"Baba, ai sai da kwarjini. In suka ga kaurinsa jikinsu ya yi sanyi." Ya juyo kan Sufa, fara'ar ta ragu. "Maganar duka ta dawo kan abin da ya fito daga bakinka ranar nan. Ku biyu ne a wurin. Baba ya ce ka ce ya je ya huta za ka kira shi. Madam ta ce ta aiko ka da rana da lokaci. Ɗaya daga ciki ne gaskiya."

"Duka biyun gaskiya ne," Sufa ya faɗa a hankali.

Dutsen Baba ya daina ƙara.

Uwar Biyu ta juyo, rigar tana ɗiga a hannunta.

"Me ka ce?"

"Ta aiko ni. Ban faɗa ba."

"Sati biyar!" Ta matso kusa da shi. "Sati biyar ina tambayar ka, Baban Biyu. Kullum ana kan magana, ana kan magana. Ashe maganar a cikin bakinka take kwance? Ka ci abinci da ita, ka yi barci da ita, ka tashi ka yi wa yara wasa da ita?"

"Ke," in ji Baba, "shiga ciki. Sakatare, je ka duba babur ɗinka, na ji kamar taya tana sacewa."

"A ƙasa na zo, Baba."

"To je ka duba takalminka."

Sakatare ya ɗauki fayil ɗinsa ya fita yana girgiza kai. Uwar Biyu ta shige ɗaki, labule ya rufu a bayanta.

Baba ya ajiye almakashin. Ya zaro wata 'yar tsohuwar waya daga aljihun gaba ya ɗora a kan benci.

"Kwana sha huɗu wayar nan ba ta bar jikina ba. Ko wanka zan shiga sai na ɗora ta a kan katanga inda zan ji. Sau biyu ta yi ƙara. Na farko masu tallan waƙa ne. Na biyu wani bawan Allah ne yake neman mai gyaran famfo."

Sufa ya sunkuyar da kai.

"Me ta ce ka faɗa min?"

"Ta ce an dakatar da ku kwana uku. Ku dawo Litinin a ji bayaninku."

"Dakatarwa." Baba ya juya kalmar a baki kamar yana ɗanɗana ta. "Ita ce ta fi ƙarfin bakinka?"

"Nauyinku na ji, Baba. Wallahi ban iya kallon fuskarku in faɗa ba."

"Na sani. Ni na rene ka a haka, ba zan ce laifinka ne kai kaɗai ba. Amma ka ga, kunyar nan taka ta yi min abin da maƙiyi bai taɓa yi min ba. Da ka ce an dakatar da ni, da na ji zafi na kwana uku, Litinin in sa rigata in je. Sai ka ce in huta. Mutum irina in aka ce ya huta, abu biyu yake ji: ko ana tausayinsa, ko an gama da shi. Na zauna ina jira in ga wanne ne."

Hawaye ya taru a idon Sufa. Ya ga in bai faɗi sauran yanzu ba, ba zai sake samun baki ba.

"Baba, akwai wata maganar. Yadin nan…"

"Akwai alli a jikinka?"

"Na'am?"

"Mai yanka ba ya rasa alli. Miƙo."

Ya laluba aljihu ya miƙa masa guntu. Baba ya ja layi ɗaya a kan katakon bencin, ya mayar masa.

"Ja naka a gefensa."

Ya ja.

"To duba. Ni da dama nake ja, ina jawowa zuwa jikina, kaurin allin yana zuba ta wannan gefen. Kai bahago ne, turawa kake, naka kaurin ta can yake zuba. Na yi shekara ina dukan hannun nan don ya koma dama, ya ƙi. Ka ɗauka zan manta layinsa?"

Sufa ya kalli layukan biyu.

"Tun yaushe kuka sani?"

"Tun safiyar farko. Ido ne ya ja baya, ba hankali ba. In na zo sai in ji yadin da ɗan sanyi inda ka goge. In ce Allah ya yi wa yaron nan albarka, in ɗauki injina. Kai ba ka faɗa ba don kada in ji kunya, ni ban faɗa ba don kada ka ji kunya. Haka muka yi ta kunyar juna har muka kashe wa mutane yadi."

"To ranar fa? Kun ga na canza. Kun san naku ne daidai. Me ya sa kuka yanka?"

Baba ya shafa layukan biyu da yatsa.

"Ban san nawa ne daidai ba. Na ga ka matsa da inci biyu, na ce a raina, kai, ashe abin ya kai nan? Shekara biyu naka ne daidai nawa ne kuskure. Rana ɗaya da nawa ya yi daidai, na riga na daina yarda da shi. Na bi naka."

Sufa ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna motsi.

"Share fuskarka, kar matarka ta ce dukan ka na yi. Saurara. Gobe abu ɗaya nake so. Ka faɗa musu abin da ka ce min, yadda ka faɗa, kada ka ƙara kada ka rage. Maganar alli kuwa, ka bar ta a nan kan bencin."

"Baba, in gudu ya faɗi, kan yadi za su koma. Sakatare ya faɗa, dalili kawai suke buƙata."

"Su koma. Ni na riƙe injin."

"Ni na zana."

"Na ce ka bar ta!" Wannan ne karo na farko da ya ɗaga murya. Ya sauke ta kuma. "Kai kana da yara biyu, kana da 'yata. In suka ji ka ɓoye saƙo, za su yi maka faɗa, wataƙila su sauke ka daga sufa. In suka ji kai ka lalata ninki sittin ka yi shiru aka ɗora wa wani, ƙofa ce. Kuma ko Sakatare da jaridunsa ba zai cece ka ba, don dalilin zai zama na gaskiya. Ni fa ba aikin nake nema su mayar min ba. Na san idona. Su rubuta ya lalata yadi, su rubuta ya tsufa, su rubuta ba ya gani, duk zan sa hannu. Amma gudu?"

Ya nuna ƙirjinsa.

"Shekara ashirin da shida. Ranar da aka binne uwar matarka da safe, da yamma ina kan teburin yanka, saboda kayan 'yan makaranta ne kuma an kusa komawa. Aka ce in tafi gida, na ce in na zauna zan haukace. Ni za a rubuta wa ya gudu? Takardar nan a akwati za ta zauna. Wata rana 'yan biyu su girma su buɗe su karanta, ba na nan balle in yi musu bayani."

Ya ɗauki almakashi ya mayar kan dutse.

"Tashi, hutunku ya ƙare."

A bakin ƙofar gida Uwar Biyu ta tare shi. Idonta ya yi ja. Bai san ko ta ji maganar alli ba, fuskarta ba ta nuna ba.

"In ka faɗa, za su kore ka?"

"Ban sani ba."

"In ba ka faɗa ba fa?"

"Baba ya gudu."

Ta miƙa hannu ta kaɗe masa garin alli daga gwiwar wando, kamar yadda ta saba, ba tare da ta kalle shi ba.

"Koma wurin aikinka," ta ce. "Kada kai ma a ce ka gudu."

*

Ɗakin sulhu na ofishin ƙwadago ba shi da wani kwarjini. Dogon tebur, kujerun roba, fanka mai ƙara, da kalandar da ba a juya ba tun watan jiya. Mai sulhun wani siririn dattijo ne mai magana a hankali, ya ajiye agogonsa a kan tebur kusa da littafin rubutu.

Baba da Sakatare suna gefe ɗaya, Baba cikin rigarsa mafi kyau, an goge ta har tana tsayuwa da kanta. Madam tana ɗaya gefen da baƙar leda a kusa da ƙafarta. Sufa ya tsaya yana neman inda zai zauna.

"Kai na wane ɓangare ne?" mai sulhu ya tambaya.

"Shaidar kamfani ne," in ji Madam.

"Surukinmu ne," in ji Sakatare.

"To zauna a tsakiya, kada a yi faɗa a kanka."

Madam ta yi bayaninta, Sakatare ya yi nasa, yana buɗe fayil yana rufewa. Mai sulhu ya saurara har suka gama, sannan ya ce:

"Ni dai a yau tambaya ɗaya ce a gabana. Korar sa aka yi, ko tafiya ya yi? Madam, kin ce akwai takardar shaida."

Madam ta miƙo wa Sufa hannu. Ya zaro takardar daga aljihu ya ba ta. Ta buɗe, ta kalli ƙasan shafin, ta ɗago.

"Ina hannun?"

"Ban sa ba, Madam."

"Ga biro."

"Ba zan iya ba. Abin da ke ciki bai faru ba."

Mai sulhu ya jawo littafinsa.

"Me ka faɗa wa ma'aikacin? Yadda ka faɗa nake so, ba yadda ka so ka faɗa ba."

"Na ce, Baba, ku je ku huta, zan kira ku."

"Ka ambaci dakatarwa?"

"A'a."

"Ka ambaci Litinin?"

"A'a."

"Ka kira shi?"



"Ban kira ba."

Madam ta jingina da kujera kamar an zare mata wani abu daga baya.

"Sufa, kullum sai na tambaye ka. Kullum. Ka bar ni na rubuta wa dattijon nan takarda irin wannan da hannuna?"

"Ki yi haƙuri, Madam."

"Haƙuri?"

Mai sulhu ya ɗaga hannu.

"Wannan ku ƙarasa shi a gida. Madam, ɗan aikenki bakinki ne. Abin da ya faɗa, kamfani ne ya faɗa. Mutumin da kamfani ya ce wa ya je ya jira kira, ya je ya jira, ba a kiran sa wanda ya gudu. Kin yarda a cire kalmar?"

Madam ta dubi Baba. Muryarta ta yi ƙasa.

"A cire. Baba, ka yafe min wannan."

Baba ya lumshe ido ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Sakatare ya daki fayil ɗinsa da tafin hannu.

"Amma," in ji Madam.

Ta sunkuya ta ɗauko ledar.

"Ni ma akwai waɗanda nake amsa wa tambaya. Masu kamfani ba za su tambaye ni wa ya huta wa bai huta ba, yadinsu za su tambaya. Zaman da ba a yi ranar Litinin ba, tunda ga mu gaba ɗaya, a yi shi yanzu in ka yarda. A ji ta bakinsa. In sakaci ne, ai dalili ne."

"Dalili ne, in ya tabbata," in ji mai sulhu. "Ɓangaren ma'aikaci, kun yarda?"

"A'a, sai mun shirya, mu…" Sakatare ya fara.

"Mun yarda," in ji Baba.

Madam ta zaro wani ƙyalle daga ledar ta shimfiɗa a tebur. Ninkin sama ne na yadin da ya lalace, ƙafar wando ɗaya, layin alli yana nan raɗau a bakin yankan. Ta ɗora sabon kwalin a kai. Kwalin ya zarce yadin da inci biyu, ko makaho ya shafa zai ji.

"Da hannuna na ba shi kwalin nan," ta ce.

Mai sulhu ya juya wurin Baba.

"Dattijo, an ba ka wannan?"

"An ba ni."

"Wannan aikinka ne?"

"Ni na yanka."

Mai sulhu ya rubuta. Sufa ya ji numfashinsa yana dawowa. An gama. Baba ya sami abin da ya zo nema, shi kuma zai fita da aikinsa. Abin da ya rage kawai ya ci gaba da yin abin da ya fi iyawa, ya yi shiru.

Sai mai sulhu ya dakata da rubutun. Ya jawo ƙyallen gabansa yana kallo.

"Ni ban san aikinku ba, ku gyara min in na yi kuskure. Yadda na gani, mai yanka layi yake bi, kuma yankan nan bai kauce daga layin ba ko kaɗan. In haka ne, ba yankan ne ya lalata yadin ba." Ya ɗago. "Ba yanka na tambaye ka ba, dattijo. Wa ya zana?"

Baba ya buɗe baki. Shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa kama shi da ƙarya a falon aiki, kuma Sufa yana kallon yadda ta farko take ƙoƙarin fitowa, tana maƙalewa a daidai inda tasa kalmar ta maƙale ranar Laraba.

Madam ta sunkuyo kan ƙyallen. Ta gyara tabaranta. Yatsanta ya bi layin a hankali, ya tsaya a gefen da kaurin allin ya zuba. Baba ne ya koya mata kallon yadi.

"Ni…" in ji Baba. "Ni ne na…"

Kujerar roba ta yi ƙara.

Sufa ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannunsa na hagu.